Yana Kan Dutse Aka Rufe Doha

Naivasha, Kenya
16 ga Maris, 2020

Dije,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da baƙon da muke jira. Ya kumburin ƙafa? Kina ɗora ta a kan filo kamar yadda likita ta ce? Ni lafiya ƙalau, sai ciwon cinya, don yau na hau dutsen. Kira ba ya tafiya sosai a masaukin nan, shi ya sa na zauna na rubuto miki.

Dije, na gan shi. Tun muna aji a Zariya nake zana dutse mai aman wuta a takarda, na ci jarrabawa a kansa, na zo Doha ina aikin gas, amma ban taɓa sa ƙafata a kan ko ɗaya ba sai yau. Sunansa Longonot. Ɗan jagorana wani dogon Bamasaye ne, cikin makiyayan ƙasar nan, mai suna Sankale, yana tafiya kamar a kan kwalta, ni ina bayansa ina haki, don ƙasar duk toka ce, kina takawa tana zamewa. Da muka kai sama sai ga rami zagaye kamar bakin tukunya, ina jin zai haɗiye unguwarmu ta Al-Sadd. A can ƙasansa daji ne kore shar. Ta jikin bangon tururi na fita siriri-siriri. Na kai hannu bakin wata tsaga, zafi ya kore ni, ga warin farar wuta kamar ruɓaɓɓen ƙwai. A nan na yi azahar, goshina na jin ɗumin ƙasa. Wallahi sai da na yi hawaye.

Gobe za mu shiga gandun dajin da ke kusa, inda suke haƙo tururi daga ƙasa suna yin wutar lantarki da shi. Sankale ya ce jakunan dawa na kiwo a gindin bututan.

Na ga saƙonki da safe muna gindin dutsen, cewa ranar Laraba za a rufe shiga Qatar saboda korona, in nemi jirgi yau. Ki kwantar da hankalinki. Masu yawon buɗe ido za a hana, ba masu iƙama, wato takardar zama, irina ba. Jirgina na Alhamis yana nan.

Naki,
Ɗayyabu

*

Al-Sadd, Doha
21 ga Maris

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, cikin ma lafiya, yana motsi. Kumburi na nan.

Ban ɗauki kiranka ba, kuma ba zan ɗauka ba tukuna. In na ji muryarka zan faɗi abin da ba a faɗa wa miji, balle yaya. Ka rubuto, zan karanta.

Sanarwar ta ce ’yan ƙasa kaɗai. Na turo maka ita da Turanci, na turo da Larabci. Na ga alamar ka buɗe, na zauna da waya a hannu ina jiran ka ce ga ni a hanyar Nairobi. Sai hoton rami ya shigo. Mijin wata da muke awo tare yana Landan, ya bar taro a tsakiya, Talata ya sauka. Kai sai da suka mayar da kai daga bakin kantar filin jirgi kafin ka yarda.

Shekara tara muna jiran cikin nan. Na ce ka bari in haihu, ka ce in an haihu ba za ka ƙara samun fita ba. To ga fita ka samu.

Gari ya yi tsit. An rufe masallatai, ladan na cewa kowa ya yi salla a gidansa. Bas da jirgin ƙasa sun tsaya. Zuwan Mama don haihuwa ya fasa, Najeriya ma za ta rufe filayen jirgi. Baba ya kira daga Funtuwa ya tambaye ka, na ce kana Kenya. Ya ce aiki? Na ce a'a, ziyara. Ya ce, “Wa muke da shi a Kenya?” Baffanka ne, kai ka kira shi ka ba shi amsa.

Khadijatu

*

Naivasha
9 ga Afrilu

Dije,

Salamu alaikum. Allah ya sa kina lafiya, ya awo? Ni ƙalau, ba tari ba zazzaɓi.

Ba ni da abin cewa a kan saƙonki. Na karanta sanarwar, na ga abin da nake so in gani a ciki, na ɗaga kai na ga dutsen a gabana, na hau. Shi ke nan.

Na yi kwanaki a Nairobi ina zarya tsakanin ofishin jirgi da ofishin jakadanci, kowa na ce min in jira. Otal ɗin da nake ya sallami ma'aikata ya rufe, sai na dawo masaukin nan, matar da ke da shi ta buɗe min ɗaki. Ni kaɗai ne baƙo. Yanzu an hana shiga da fita Nairobi ma. A nan hankalina ya fi kwanciya, ba cunkoso, iska mai kyau.

Ban kira Baffa Nasidi ba. Sau uku ina danna lambarsa ina kashewa kafin ta shiga. A zauren ’yan Arewa na Doha da muke hira a waya kuwa har sun sa min suna, wai Mai Dutse. Wani ya ɗora hoton da na tura ranar farko, ya rubuta a ƙasa: “Injiniya na duba mana inda wuta ta tsaya.” Aka yi ta dariya. Na yi dariyar ni ma don kada a ce na ji haushi, daga nan ban ƙara leƙawa ba.

Akwai maganar da ya kamata ki sani. Manajanmu ya ce za a rage ma'aikata, kuma waɗanda ke wajen ƙasa ne a gaba. Ina aiki daga nan in sabis ya yarda, ina tura musu komai kafin su tambaya. Kin san ni ne kafil ɗinki, da sunana kike zaune a ƙasar, in iƙamata ta faɗi taki ma ta faɗi. Ina ƙoƙari.

Daga tagar ɗakina ana hango tururin Olkaria, inda suke yin wutar lantarkin nan, yana tashi fari fat. Na sa labule.

Ɗayyabu

*

Al-Sadd
2 ga Mayu

Yaya,

Barka da shan ruwa. Ina lafiya. Likita ta hana ni azumi, ta ce jinina ya ɗan hau.

Na daɗe ban amsa ba saboda layi ɗaya. Ka ce a can hankalinka ya fi kwanciya. Madalla. Na karanta shi ina zaune a ƙasan kicin, tulun gas ya ƙare, na kasa ko jan sa. Allah ya ƙara maka kwanciyar hankali da iska mai kyau.

Ranar ce na sauka ƙasa in nemi mai gadi, jiri ya kwashe ni a bakin lifta. Wata mata ta tare ni. Ka san gidan ƙasa da aka yanyanka ɗakuna, inda ’yan Gana suke? Sunanta Safura, ’yar Zangon Kumasi, tana aikin shara a wani asibitin haƙori da aka rufe yanzu. Ta ce, “Madam, ka zauna, ka sha ruwa.” Na ɗauka da wani take. Ashe Hausarsu haka take, mace ma “ka” ce. Mijinta Mutala direba ne, shi ke kwasar leburori zuwa filin ƙwallon da ake ginawa a Al Thumama, su aikinsu bai tsaya ba. Shi ya hau da gas a kafaɗa. Da ’yar tsohuwar motarsa yake kai ni awo yanzu, ina baya da takunkumi, gilasai a buɗe. Safura na kawo min tuwo da miyar ayoyo, ta zauna nesa da ni har sai ta ga na cinye.

Sun ce sun san ka, kuna haɗuwa a lifta shekara uku. Na ce ai kai ma ka san su.

Don haka kada ka wahalar da kanka a kan dawowa, na samu masu kula da ni. Baba ya ce in an buɗe hanya za a zauna a yi magana.

Khadijatu

*

Naivasha
4 ga Mayu

Dije,

Lafiyata lau, amma tun da na karanta saƙonki ban iya cin sahur ba.

Wace magana Baffa zai zauna a yi? In ya yanke shawarar karɓe ki, ki gaya min kai tsaye. Ba zan ce ba shi da gaskiya ba. Ya ba ni ’yarsa, na bar ta da tsohon ciki a ƙasar da ba ta da kowa, na tafi kallon rami. Amma ki roƙe shi ya bari in tsaya a gabansa tukuna.

Kwanciyar hankalin da na ce, nufina nan ba cuta kamar Nairobi, don kada ki damu da ni. Ban san haka zai sauka a kunnenki ba.

Mutanen nan, ban tuna fuskarsu ba. Ina jin na sha ganin wani mai rigar direbobi, mukan ɗaga wa juna kai. Ban san yana jin Hausa ba. Ki gaishe su.

Ɗayyabu

*

Naivasha
21 ga Mayu

Dije,

Ko kina lafiya? Tambayar ke nan, ba ni da wata.

Na turo saƙo ba adadi, wayarki a kashe. Da farko na ce fushi ne, na cancanta. Da lokacin haihuwa ya zo ya wuce sai na koma zauren nan da na guda, na rubuta a gaban kowa: don Allah wa zai duba min matata? Ba wanda ya yi dariya, kuma shirun ya fi dariyar ciwo. Wani ya je ya buga ƙofa, ba amsa. Mai gadi ya ce an kai ki asibiti, ’yan Gana ma an kwashe su an killace. Na kira asibitoci, sun ce ba sa ba da bayanin mara lafiya ta waya.

Na kira Baffa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Ɗayyabu, ni da ke Funtuwa kake tambaya ina matarka?” Na ce e. Ya ce su ma ba su ji komai ba, Mama ko barci ba ta yi. Sannan ya ce, “Dutsen yana nan lafiya?” Ya kashe.

Ruwan sama bai tsaya ba a nan, tabkin garin ya cika ya shiga gidajen mutane. Sankale ba shi da baƙi, jiya ya zo ya ce zaman ɗaki zai kashe ni, ya ja ni cikin gandun. Mun bi gefen bututai, suna huci kamar jirgi zai tashi, raƙuman dawa na tsaye ko a jikinsu. Ya kai ni wani wuri da ruwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa yana tafarfasa, ƙasar gefen ta yi rawaya da ja. Ya ce, “Ga abin da ka zo gani.” Na tsaya ina kallo, ban ji komai ba. Ya tambaye ni ’ya'yana nawa. Na ce ban sani ba. Ya dube ni, ya juya muka kamo hanyar masauki.

In kin ga wannan, ko harafi ɗaya ne ki turo.

Ɗayyabu

*

27 ga Mayu

Alhaji, barka da salla. Ni ne Safura, matan Mutala, ɗakin ƙasa. Madam ya ce in rubuta maka. Madam ya haihu, mace, lafiya lau, yana da kyau paa. Ranar Madam yana zazzaɓi, naƙuda ya zo kafin la'asar, Mutala ya kai shi. A asibiti sun ce korona ne. Sun kwashe mu ni da Mutala sun killace, wayan Madam ya faɗi ƙarƙashin kujeran mota, jiya muka fito muka gani. Madam ya sha wahala, sun sa masa iska, amma yanzu yana magana yana ci. Yaro ba shi da ciwon. Kada ka yi kuka, halas, ya wuce. Ka gode Allah.

*

Al-Sadd
14 ga Yuni

Yaya,

Salamu alaikum. Mun dawo gida, ni da ita. Ina samun ƙarfi, sai dai hawa ɗaya na bene yana sa ni haki. Ita lafiya ƙalau, ci da kuka.

Na karanta saƙonninka duka. Maganar Baba ta zuwan Mama ce da ragon suna, ba wanda zai karɓe ni. Ni ma ashe na yi maka fassarar da ba ita ba. Mun yi kunnen doki a wannan.

Kana son ka san yadda aka yi. Sai da ta yi kwanaki a duniya kafin in taɓa ta, ta bayan gilashi nas ke nuna min ita. Ana tambayata ina mijin, in ce yana tafiya. Ranar suna ina kwance da robar iska a hanci. Da na farfaɗo Baba ya sa an yanka rago a Funtuwa, ya raɗa mata Safura. Bai tambaye ka ba, ni ma ban ce a tambaye ka ba. Muna ce mata Takwara. Mutala ne ya yi mata kiran salla a kunne ranar da muka fito, a wurin ajiye motoci.

Ka ce ka ga ruwa na tafasa daga ƙasa ba wanda ya hura masa wuta. Ni a nan Safura ke dafa min ruwan jego a tukunyar shinkafa, ta juye a bokiti, ta gasa min jiki da tawul irin na mutanensu tunda ba ganye. Tana yi tana min faɗa in na yi ihu.

Takardar haihuwa ta tsaya, suna son fasfonka. Sun ce za su ɗaga mana ƙafa saboda halin da ake ciki.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka daina rubuto min cewa ka cancanci kaza, kai ba mutum ba ne. Duk sanda na karanta sai in ga ni ce kuma zan lallashe ka, ga jaririya a hannu. Kunyarka ka riƙe abarka, ni ba ni da wurin ajiye ta. Ka rubuto min yaushe za ka dawo.

Khadijatu

*

Otal ɗin killacewa, Doha
8 ga Satumba

Dije,

Salamu alaikum. Ya kuka koma gida jiya? Zafin nan bai taɓa Takwara ba? Ni lafiya, gwajin farko ya fito ba komai. Asabar za su sake ni.

Ofis sun turo takarda. Ba su kore ni ba, sun sauke ni daga shugabancin sashe, yaron da na koya wa aiki ne a kaina yanzu. Na sa hannu. Iƙama tana nan, shi ne abin da ya dame ni.

Da kika ce za ku zo ƙasan taga bayan la'asar, tun azahar nake tsaye. Da motar ta tsaya kuma sai na ja baya, na ɓuya a bayan labule kamar yaron da ya fasa tulu. Kin ga sai da kuka ɗan jima kafin in fito. Tagar ba ta buɗuwa, kuma hawa na tara ne. Na gane ki da mayafinki. Fuskar yarinyar ban iya gani ba, farin zani kawai.

Mutumin da ya karɓe ta ya ɗaga ta sama da hannu biyu, shi ne Mutala ko? Yanzu na gane shi. Sau da yawa yakan riƙe min ƙofar lifta in ina sauri. Ya cire takunkumi ya yi ta faɗin wani abu da ƙarfi, yana dariya, ni ina ganin bakinsa kawai. Na ɗaga masa hannu, na rasa me zan yi, sai na dafa ƙirji na sunkuya.

Me ya ce? Ranar Asabar kafin in hau sama ɗakinsu zan fara shiga. Ki gaya masa.

Ɗayyabu

*

Al-Sadd
9 ga Satumba

Yaya,

Muna lafiya. Ta ɗan yi rigima a mota, ta yi barci.

Ba za ka same shi ranar Asabar ba. Gobe Alhamis jirginsa zai tashi zuwa Accra. Kamfaninsu bai sabunta kwantiraginsa ba. Ba su ce don makonnin da ya yi a killace ba ne, shi ma bai ce ba, amma tun lokacin aka ba wani motar kamfanin da yake ja. Ya so ƙwarai ya kai ga ganin an buga ƙwallo a filin nan. Safura za ta zauna, an buɗe wurin aikinsu. Shi ya hana in gaya maka tun kana Kenya, wai kana da abin da ya ishe ka. Shi ya sa ya matsa mu zo shekaranjiya, don ya gan ka.

Abin da ya ce shi ne, “Alhaji, ga amananka, na sauke!”

Dole in yi maka bayani. Ranar da ya hau min da gas, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ina maigida. Kunya ta kama ni, taka da tawa. Sai na ce ai ka kira ka ce in nemi Mutala na ƙasa, shi ka yarda da shi ya kula da gidanka. Ka ga yadda ya washe baki. Ya ce, “Ashe Alhaji ya san sunana?” Tun ranar duk abin da ya yi, yana yi ne a kan kai ka sa shi. Har wa ’yan'uwansa na Kumasi ya faɗa a waya, ina ji.

Ga lambarsa a ƙasa. Zai bar gida da hantsi, ka kira shi kafin nan. Ka yi masa godiya a kan amanar da ka ba shi. Kada ka gyara masa labarin, kada ka ba shi haƙuri, kada ka yi kuka. Ka kira sunansa da kyau, Mutala ne, ba Murtala ba.

In za ka taho Asabar ka biya ka sayo tulun gas. Wanda ya kawo na ƙarshe ya kusa ƙarewa.

Khadijatu